Yadda Ake Tsara Dandamali Mai Sifirin na Tafi-da-Gidanka Domin Wasan Ciyalidin

Duk wanda ya taɓa kallon gasar ciyalidin ta Amurka, wato wasan da ƙungiya ke haɗa kirari da alkafura da ɗaga juna, ko da a fuskar wayarsa ne, hankalinsa yakan tafi ne ga yarinyar da aka cilla sama tana juyi kafin ta faɗo hannun abokan wasanta, ko ga saurayin da ya keta filin da alkafura huɗu a jere. Da wuya a sami wanda ya tsaya duban shuɗin kafet ɗin da suke takawa. Alhali a ƙarƙashin wannan kafet akwai katako mai nauyin tan uku zuwa huɗu da sifirin wajen dubu biyu ko fiye, kuma a yawancin gasanni ba a wurin aka gina su ba. A tirela aka kawo su, aka harhaɗa cikin dare, kuma da zarar an tashi daga taro za a wargaza, a loda, a nufi wani gari. Tsara irin wannan dandamali na tafi-da-gidanka aiki ne da ya haɗa kafinta da injiniya da koci. Sa dandamali ya riƙa cilla mutum sama abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne a sa tafin ƙafa ya ji abu guda duk inda ya sauka, alhali abin da ake takawa gutsattsari ne sama da saba'in da aka jera kusa da juna.

Asalin wasan bai buƙaci wani dandamali ba. A watan Nuwamba na 1898 ne wani ɗalibin Jami'ar Minesota mai suna Johnny Campbell ya tsaya gaban 'yan kallo yana ba su baiti suna amshi domin ƙarfafa gwiwar 'yan ƙwallon makarantarsu, kuma tsawon shekaru aikin bai wuce kirari da tafi da ɗaga hannu a gefen fili ba. Daga 1948, lokacin da Lawrence Herkimer ya fara shirya sansanonin horo a jihar Tekzas, sai tsalle-tsalle suka fara shiga, daga baya aka zo ga ɗaga juna da gina dalar mutane. A shekarun 1980 aka sami kulob-kulob masu zaman kansu waɗanda ba su da wata ƙungiyar ƙwallo da suke wa kirari, gasa kawai suka sa a gaba. A 2003 aka kafa hukumar USASF domin tsara musu dokoki, a 2004 aka yi gasarta ta duniya ta farko a Orlando da ke Fulorida, sannan a 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ƙungiyar ciyalidin ta duniya, ICU, a matsayin cikakkiyar hukumar wasan. Waɗannan gasanni ana yin su ne a manyan zaurukan taro da ake haya na kwana biyu ko uku, kuma daɓen irin waɗannan zauruka kankare ne tsura. Wannan ne ya sa dole dandamalin ya zama abin ɗauka a tafi da shi.

Girman filin a ƙayyade yake: faɗinsa ƙafa 54, zurfinsa daga gaba zuwa baya ƙafa 42, wato kimanin mita 16.5 da mita 12.8, ko murabba'in mita 211. Ya fi filin jimnastik girma, wanda mita 12 ne ta kowane ɓangare, domin a nan 'yan wasa talatin ko fiye ne za su hau a lokaci guda, su yi duk abin da za su yi cikin minti biyu da rabi. Saman filin shimfiɗu tara ne na soso mai kafet a manne, kowace faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 42, an jera su daga hagu zuwa dama an liƙe tsakaninsu. Layukan da ke tsakanin shimfiɗun nan su ne 'yan wasa ke auna tsayuwarsu da su, ta biyar ita ce tsakiya, kuma koci yakan ce wa yaro ya tsaya a layi kaza. Don haka wanda ya tsara dandamali ya canza faɗin shimfiɗa domin sauƙin ɗauka ya rikita wa ƙungiya jerinta tun kafin a kunna kiɗa.

Dalilin sa sifirin lissafi ne mai sauƙi. Abin da ya faɗo dole ya tsaya, kuma zafin bugun ya danganta ne da tazarar da ya samu ya tsaya a cikinta. Idan jiki ya faɗo daga tsayin mita ɗaya ya tsaya cikin santimita 2, matsakaicin ƙarfin da ya buge shi ya kai kusan ninki 50 na nauyinsa. Idan ya sami santimita 10 kafin ya tsaya, ƙarfin zai sauko zuwa ninki 11. Mai sauka da ƙafa yana ƙara wa kansa tazara ta hanyar lanƙwasa gwiwa da idon sawu, amma wanda ya faɗo da ka ko da baya ba shi da wannan gata, dandamali ne kaɗai zai ba shi. A 2009 Brenda Shields da Gary Smith sun auna wurare daban-daban da 'yan ciyalidin ke wasa a kai, domin gano tsayin da faɗuwa daga gare shi za ta iya jawo mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. A kan kankare tsayin bai wuce rabin ƙafa ba, wato santimita 15. A kan dandamali mai sifirin ya haura ƙafa 11, sama da mita uku ke nan. Shekara uku bayan haka, a 2012, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bayyana cewa wannan wasa shi ke da kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan mata 'yan wasa na makarantun sakandare suka samu cikin shekaru 25. Duk da haka bai kamata a ɗora wa dandamali abin da ya fi ƙarfinsa ba: awon nan na buguwar kai ne, kuma babu sifirin da zai ceci wuyan da ya sauka a karkace. Wannan aikin masu tarewa ne da horo.

Matsalar da mai tsarawa zai fara fuskanta ita ce mutum uku ne ke neman abu uku daban daga katako guda. Mai alkafura yana so dandamalin ya karɓi ƙarfinsa ya mayar masa nan take, domin tafin ƙafarsa ba ya daɗewa a ƙasa sama da ƙiftawar ido, kuma idan katakon ya makara wajen dawowa ya riga ya tashi ba tare da taimakonsa ba. Wanda ya faɗi yana so dandamalin ya haɗiye bugun kada ya mayar. Masu ɗauka kuwa, waɗanda ke riƙe da yarinya a sama, so suke ya tsaya cik kamar daɓe. A duba halin da suke ciki da kyau. Mutum biyu sun miƙe hannuwa sama, tafin ƙafar yarinya ɗaya na cikin tafukansu, ɗayar ƙafar ta ɗaga ta riƙe kusa da kunnenta, na uku yana baya ya dafe mata idon sawu. Nauyinsu su huɗu, kilo 250 ko kusa da haka, ya taru a wurin da bai fi murabba'in mita ɗaya ba. A daidai wannan lokaci wani ya diro daga alkafura taku biyu daga inda suke. Idan katakon ya kai musu girgizar, ƙafar ɗaya daga cikin masu ɗaukar za ta nutse da faɗin yatsa guda, kuma abin da yake faɗin yatsa a ƙasa ya zama tangaɗi sosai ga wadda ke tsaye a tsayin mita biyu da wani abu. A jimnastik galibi mutum ɗaya ne a fili, wannan damuwa ba ta cika tasowa ba. A ciyalidin ita ce kan gaba, shi ya sa a ganina dandamalin da ya fi kowane cilla mutum sama ba lallai ne ya zama wanda ya fi dacewa da wasan ba.

Hanyar da ake bi a sasanta su ita ce raba aikin hawa uku. Soson sama, mai kaurin santimita 3.5 a yawancin shimfiɗu, wasu kuma santimita 5, yana lotsawa ne a gurbin da aka taka kaɗai, shi ne ke tausasa wa diddige da wuyan hannu da gwiwa. Katakon da ke ƙarƙashinsa yana lanƙwasawa a faɗi, ya rarraba nauyin ga sifirin da yawa. Sifirin kuma ya ajiye ƙarfin ya mayar. Kowane hawa yana shafar sauran. Idan katako ya yi siriri, sifirin biyu ko uku ne kawai za su ɗauki bugun, su ƙure. Idan ya yi kauri ainun, yaro ɗan kilo 25 zai yi ta dira bai motsa komai ba, kuma girgizar babba za ta yi nisa.

Sifirin da aka saba amfani da shi murɗaɗɗen ƙarfe ne mai tsayin inci 4 da faɗin inci 2, wato santimita 10 da santimita 5, da hular roba a kai da gindi. Tun 1678 Robert Hooke ya bayyana ƙa'idarsa, cewa lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, domin idan murɗe-murɗen suka haɗu da juna sifirin ya zama dunƙulen ƙarfe, kuma dandamalin da ke da laushi ya koma kankare farat ɗaya a tsakiyar saukar mutum. Wannan ƙurewa ita ce abin da ake gudu fiye da tauri, saboda jiki yana iya shirya wa tauri, amma ba ya shirya wa abin da ya zo masa ba zato. Ana daidaita lamarin ta ƙarfin sifirin da kuma tazarar da ke tsakaninsu, kuma abin da aka fi gani bai yi nisa da sifirin ɗaya a kowace murabba'in ƙafa ba. Akwai masu amfani da dunƙulen soso mai tauri a madadin ƙarfe. Ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, ba ya ƙara, kuma yana kashe girgiza da wuri, abin da masu ɗauka ke so. Aibinsa shi ne ba ya mayar da ƙarfi kamar ƙarfe, yana kwanciya da tsufa, sannan gam ɗin da ke riƙe da shi yana ɓanɓarewa idan ana yawan lodi da saukewa. Wasu masu ƙerawa kan cusa soso a cikin ramin sifirin ɗin domin su sami rabon kowanne.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya shafi dandamalin da aka girke a wuri ɗaya ma. Abin da ya keɓanta da na tafi-da-gidanka shi ne mahaɗa, wato layin da allo biyu suka haɗu. A ɗauka, domin misali, sifirin guda yana lotsawa santimita ɗaya idan aka ɗora masa kilo 20, kuma wanda ya sauka a tsakiyar allo yana danne sifirin goma sha biyu da ke kewaye da shi. Kilo 240 ne za su nutsar da wurin da santimita ɗaya. Idan ya sauka a bakin allon, kuma ba a ɗaure allon da maƙwabcinsa ba, rabin waɗannan sifirin suna ƙarƙashin wani allo da bai san ana yi ba, don haka wurin zai nutse ninki biyu. A kusurwa, inda alluna huɗu suka haɗu, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke aiki. Bayan laushin da ya ƙaru, akwai abin da ya fi shi muni: allon da aka taka ya yi ƙasa, na kusa da shi ya tsaya a inda yake, sai a sami tudu a ƙarƙashin kafet wanda ido ba ya gani. Tafin ƙafar da ya sauka rabi a nan rabi a can zai karkace, kuma ta nan targaɗe da gocewar idon sawu ke shigowa. A fili mai alluna saba'in da wani abu, tsawon mahaɗan gaba ɗaya ya haura mita 200, kuma ba wanda zai iya kauce musu yana cikin juyi.

Magani na farko shi ne hawa biyu na katako. Allunan ƙasa su ke ɗauke da sifirin, sannan a shimfiɗa wasu alluna a kansu a goce, ta yadda mahaɗar ƙasa za ta faɗa a tsakiyar allon sama, kamar yadda magini ke goce bulo don kada tsaga ta bi layi ɗaya. Ba a buga ƙusa tsakanin hawa biyun, tunda gobe za a raba su. Da maɗaurin Velcro ake manne su. Wannan maɗauri, wanda wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna George de Mestral ya ƙirƙira bayan ya lura da yadda ƙayar wata ciyawa ke maƙale wa gashin karensa a 1941, duk wanda ya taɓa cire ƙarangiya daga wandonsa ya san yadda yake aiki. Halinsa ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin yana da ƙarfi idan aka ja shi ta gefe, wanda shi ne jan da alluna ke yi wa juna lokacin wasa, amma yana sakewa cikin sauƙi idan aka ɗaga shi daga baki. Magani na biyu shi ne allo hawa ɗaya mai kauri, a zura bakin kowane allo cikin wani dogon ƙarfe ko roba mai kwari biyu, ɗaya ta kowane gefe, wanda zai tilasta wa alluna biyun su nutse tare. Wannan ya rage yawan kayan da za a ɗauka da lokacin harhaɗawa, amma kwarin yana buɗewa da yawan amfani, bakin katakon yana cinyewa, kuma kusurwoyi suna nan da rauninsu sai an ƙara musu sifirin. Ga wanda ya sa daidaiton fili a gaba, hawa biyu ya fi. Ga kamfanin da ke shirya gasa kowane mako a gari daban, saurin hawa ɗaya abin dubawa ne, muddin zai riƙa sauya maɗauran kafin su saki. Ko wanne aka zaɓa, layin shimfiɗun soso bai kamata ya hau kan layin katako ba.

Daga nan sai lissafin girman allo, wanda ake yi da tirela da ƙofar zaure a zuciya. Allon filawud da aka saba da shi a Amurka ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma bai raba 42 ko 54 daidai ba. Amma idan aka gina dandamalin ƙafa 44 da ƙafa 56, alluna 11 ta wannan gefe da 7 ta wancan sun ba da 77 cif ba tare da yanka ba, ga kuma rarar ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare domin iyaka. Filawud na itacen bac, wanda aka fi so, nauyinsa kimanin kilo 680 ne a kowace mita mai cikakken faɗi da tsawo da zurfi. Allo mai kaurin milimita 12 zai kai kilo 24, don haka hawa biyu sun kai tan 3.7, ban da sifirin da soso. Allo mai milimita 18 na tsarin hawa ɗaya kilo 36 ne, jimla tan 2.8, amma kowane sai mutum biyu. Akwai kuma allon da ake kawowa daga Rasha da Finlan da ƙasashen Baltik, mai milimita 1525 ta kowane gefe, wato ƙafa 5. Da shi alluna 99 za su ba da fili mai ƙafa 45 da 55. Ya fi sauƙi a hannu, amma mahaɗai sun ƙaru, kuma biyu ba sa jeruwa gefe da gefe a cikin tirela, alhali masu ƙafa 4 suna jeruwa. Tsayin lodi ma abin lura ne. Allo da sifirinsa ya kai santimita 11, idan aka ɗora 77 a kan juna tsayin ya doshi mita tara. Idan aka tsara wuraren sifirin ta yadda za a kifa allo a kan ɗan'uwansa sifirin su shige tsakanin juna, tsayin zai ragu zuwa ƙasa da mita biyar, sannan sifirin sun sami kariya daga lanƙwasewa a hanya. Wannan shawara ce da ake yankewa tun ranar da za a huda ramin farko, domin bayan an huda ba ta gyaruwa.

Dalilin fifita bac shi ne siraran yadudduka masu yawa da ke cikinsa, ba tare da ramuka a ɓoye ba, abin da ke sa ya lanƙwasa sau dubbai ya dawo bai tsage ba. Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 aka sanya wa katakon Rasha takunkumi da haraji, ya yi tsada, wasu suka koma ga wasu itatuwa. Wanda ya sauya katako dole ya sake gwada tazarar sifirinsa, domin taurinsu ba ɗaya ba ne. Danshi ma abokin gaba ne: allon da ya kwana a tirela cikin laimar Fulorida aka shigar da shi zaure mai na'urar sanyaya ɗaki yana iya kantarewa, kuma allon da ya kantare ba ya kwanciya a kan maɗaurinsa. Ana shafe alluna da fenti ko man katako, musamman bakunansu, inda ruwa ya fi shiga. Kowane sifirin kuma da noti mai haƙora ake ɗaure shi, wanda ke nutsewa cikin katakon, kuma girgiza tana kwance noti a hankali, don haka sufana ba ta rabuwa da akwatin kayan aiki.

Gefen dandamali yana da nasa hukunci. Sifirin da katako da soso sun ɗaga filin kimanin santimita 16 daga ƙasa, tsayin da ya isa ya karya ƙafar wanda alkafura ta kai shi baki. Ana kewaye shi da soso mai gangare, a rufe ramin da ke ƙarƙashi don kada yatsun yara ko takalmi su shiga. Sannan akwai tafiyar da alluna ke yi a hankali. 'Yan wasa kan yi gudu su doka ƙasa ta fuska ɗaya sau ɗaruruwa a yini, kowane doka yana tura katako gaba kaɗan, kafin la'asar sai a ga tsaga ta buɗe a tsakiya. Shi ya sa ake ɗaure dandamalin da igiyoyin ɗamara daga gefe zuwa gefe a tamke su. Daɓen da ke ƙasa ma sai an duba shi kafin a sauke allo ko ɗaya. Ƙa'idar Turai ta filayen wasa na cikin ɗaki, EN 14904, ba ta yarda da kwari ko tudun da ya wuce milimita 6 a tsawon mita 3 ba, kuma wannan ma'auni ne mai amfani a nan. Zaurukan taro cike suke da murafen ramukan wayar lantarki da magudanun ruwa. Sifirin da ya faɗa a kan kwari yana rataye ne a iska ba ya ɗaukar komai, sai an cike wurin da siririn katako. Idan kuma a kan filin ƙwallon kwando za a girka, hular roba da shimfiɗar kariya ne za su hana sifirin ya zana wa masu zauren daɓensu.

Ambaton wannan ƙa'ida ya kawo wani abu da mai saye ya kamata ya sani. EN 14904 da takwararta ta Jamus, DIN 18032, an yi su ne domin filayen ƙwallon kwando da na hannu da makamantansu, inda lotsawar daɓe ba ta wuce milimita 5 ba. Dandamalin alkafura yana nutsewa santimita da dama. Takardar shaidar waccan ƙa'ida ba ta ce komai game da shi ba. Gwajin da ya fi kusa shi ne na Hukumar Jimnastik ta Duniya, inda ake sakin wani nauyi daga ƙayyadadden tsayi a wurare daban-daban na fili, a auna zurfin nutsewa da ƙarfin bugu da tsayin da nauyin ya dawo. Ƙaramin kulob zai iya kwaikwayon wannan ba tare da ɗakin gwaji ba: ƙwallo mai nauyi, sandar awo a tsaye, da waya mai ɗaukar hoto a hankali. A saki ƙwallon daga tsayi guda a tsakiyar allo, a kan mahaɗa, a kusurwa, da bakin fili. Adadin da aka samu shi kaɗai ba ya nuna komai, bambancin da ke tsakanin wuraren huɗu ne abin dubawa.

Game da atisaye, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk inda aka sa sifirin an ci riba. Kulob-kulob masu zaman kansu a kan sifirin suke gasa, amma gasannin makarantun sakandare da jami'o'i galibi a kan soso ne da aka shimfiɗa kai tsaye a daɓe. Yarinyar da ta shekara tana koyon alkafura a kan sifirin ta saba da tsayin da yake ba ta da lokacin da yake mayar da ita. Ranar da ta hau soso tsura za ta tashi ƙasa da yadda ta saba, juyin bai cika ba ta sauka, nauyin ya hau agara da idon sawu. Ƙungiyar makaranta tana iya koyon sabon salo a kan sifirin domin rage wa gaɓoɓi wahala, amma makonnin ƙarshe sai a kan irin filin da za a yi gasa. Wadda ba ta da wuri ko kuɗin cikakken dandamali tana iya gina zirin ƙafa 6 da ƙafa 42, daidai da shimfiɗa ɗaya, wanda ya ishi gudun alkafura kuma mutum huɗu za su iya jingine shi a bango bayan atisaye. Dogayen katifun da ake hura wa iska ma suna da amfani wajen koyo, kuma suna shiga bayan ƙaramar mota, sai dai tashinsu ya sha bamban da na katako, kuma ba wurin gina dala ba ne.

Ranar harhaɗawa ce ke nuna ko tsarin ya yi. Ana share daɓe, a ja igiya a fitar da kusurwar farko, a tabbatar da ita da tsohon awon magina na uku da huɗu da biyar, domin karkatar yatsa ɗaya a allon farko takan zama tazarar tafin hannu a allo na goma sha ɗaya. Kowane allo yana da lamba a bayansa, na gefe da launinsu daban saboda jerin sifirinsu ba irin na tsakiya ba ne, ta yadda ma'aikacin da aka ɗauka a ranar ba zai sa na tsakiya a baki ba. Bayan an jera na ƙasa, an ɗora na sama, an tamke igiyoyi, sai a warware naɗin soso a bar shi ya saki jiki kafin a liƙe, in ba haka ba zai tattare a tsakiya. Daga nan sai koci ko babban ma'aikaci ya cire takalmi ya bi filin layi-layi yana ɗan tsalle da ƙafa biyu, kunnensa a ƙasa. Wuri mai lafiya yana ba da amo mai zurfi. Inda aka ji ƙas-ƙas noti ne ya kwance ko hula ta fita. Inda ƙafa ta nutse ba ta dawo da ƙarfi ba, sifirin ne ya karye ko yake rataye a kan kwari. Sai a manna tef a wurin, a ɗage shimfiɗar, a ɓanɓare allon sama, a kifa na ƙasa a gyara, a rubuta lambarsa a littafi. Allon da lambarsa ta fito sau biyu a jere ba ya komawa fili, ɗaya daga cikin na ajiya da ke gaban tirela ne zai maye gurbinsa.